Yadda ake gano inda laftof mai RISC-V ta maƙale idan ta ƙi tashi

A Garwa nake gyaran kwamfuta, kuma shekara da shekaru aikin bai wuce wanda kowa ya sani ba: canza sikirin, kakkaɓe ƙurar hunturu, sake ɗora Windows. Sai 'yan shekarun nan wasu ɗalibai da ke karatu a Ngaundere da Marwa suka fara shigo mini da ƙananan laftof da suka yi oda daga Sin, masu ƙwaƙwalwa, wato processor, irin wadda ake kira RISC-V. Ta farkon da ta zo hannuna na wuni ina danna F2 da F12 ina jiran BIOS ya fito. Ashe ma babu shi a cikinta.

RISC-V tsarin umarni ne, wato harshen da ƙwaƙwalwar kwamfuta take ji. An fara shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka a 2010, kuma ba a biyan kuɗin lasisi kafin a yi amfani da shi, don haka duk kamfanin da ya ga dama yana ƙera tasa ƙwaƙwalwar. Daɗin abin ke nan, wahalar mai gyara ma daga nan ta taso, domin kowane kamfani da irin hanyar da yake tayar da tasa. Fulash ɗin Ubuntu da kake tayar da HP ko Dell da shi ba zai yi komai a nan ba.

Kafin mu taɓa komai, riƙe wannan. Kayan da aka yi oda daga Duwala ba hannu ɗaya ke kawo su ba: jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundere, tirela ta ɗauko zuwa Garwa, mai amalanke ya kawo ƙofar shago. In kaya ba su iso ba, tambayar ita ce a ina aka yi musu ganin ƙarshe. Tashin wannan na'ura ma haka yake. Akwai ɗan ƙaramin shiri da aka gina cikin ƙwaƙwalwar tun daga masana'anta, ba ya goguwa. Shi ke ɗauko wani ƙaramin shiri mai suna U-Boot SPL, wanda aikinsa ya kunna RAM. Galibi sai SPL ya miƙa wa wani shiri mai suna OpenSBI, OpenSBI ya miƙa wa babban U-Boot, shirin da ke tayar da tsarin, shi kuma ya nemo kanel, wato zuciyar Linux, tare da wani fayil mai ƙarewa da .dtb. Wannan fayil taswirar na'urar ce: shi ke gaya wa kanel inda sikirin yake, inda kibod yake, inda batir yake, domin na'urar ba ta iya bayyana kanta yadda kwamfutocin Intel suke yi. A ƙarshe kanel ya nemo yankin da aka ajiye sauran manhaja. Sikirin sai kusan ƙarshen tafiyar yake kamawa, shi ya sa baƙin sikirin ba ya gaya maka komai.

Kayan aiki

- Kwamfuta ta biyu mai lafiya. Mai Linux ta fi, ko da daga fulash ka tayar da ita, domin Windows ba ya karanta yankunan ext4.
- Wayar siriyal, wato ɗan fanel mai kan USB a gefe guda da 'yan ƙusoshi a ɗaya gefen, mai ɗauke da CH340 ko CP2102 ko FT232. Wannan ita ce uwar kayan. Ta zama mai aiki da bolt 3.3, ba 5 ba.
- Siraran wayoyi uku na haɗawa, da mita, da ƙaramin sukundireba.
- Memori microSD guda biyu masu kyau, daga giga 16 zuwa sama, da abin karanta su.
- Cajar na'urar ta asali, da kebul ɗin USB mai ɗaukar bayanai. Da yawan na kasuwa caji kawai suke yi.
- Imej ɗin da masu na'urar suka fitar domin ita kanta, wato kwafin tsarin gaba ɗaya a fayil guda da ake rubutawa a memori. Fayil ne mai nauyi, sauke shi da dare lokacin da intanet ya fi sakewa, ka adana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In babu wayar siriyal a garinku, sai an aiko daga Yawunde ko an tsallako da ita daga Yola, akwai dabara a mataki na uku.

1. Fara da wuta da haƙuri

Cire duk abin da ke jone, fulash, linzami, komai. Saka caja ka bar ta rabin awa kafin ka kunna. Cajar waya mai rauni takan kunna fitilar caji ta yaudare ka, amma da zarar ƙwaƙwalwar ta fara jan wuta sai na'urar ta mutu ta sake tashi, ta yi ta maimaitawa. In ramukan USB-C biyu ne, gwada kowanne, wasu ɗaya kaɗai ke karɓar caji.

Sannan ka jira. In sabon imej ne, tashin farko yakan ɗauki mintuna, domin tsarin yana faɗaɗa kansa ya cika memorin. Na sha ganin wanda ya kashe na'ura a tsakiyar wannan aiki, ya lalata abin da lafiyarsa ƙalau. Ka ba ta minti biyar cur. A bazara kuma, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, kar ka ɗora ta kan katifa ko darduma kana gwaji.

2. San wacce ce a hannunka

Sunan da ke bayan murfi bai isa ba, sunan ƙwaƙwalwar ake nema. Uku ne suka fi zuwa mini. StarFive JH7110 mai kai huɗu, wato core huɗu, ita ce a fanel ɗin da DeepComputing ya yi wa Framework Laptop 13, kuma ita ce a PineTab-V. T-Head TH1520, ita ma kai huɗu, tana cikin Lichee Book 4A da Lichee Console 4A na Sipeed. SpacemiT K1 mai kai takwas tana cikin DC-ROMA ta biyu da MuseBook.

Rubuta girman RAM ɗin ma. A dangin TH1520, fayil ɗin U-Boot na mai giga 8 daban yake da na mai giga 16. Ka ɗora wanda ba nata ba, ko ta ƙi tashi ko ta ga rabin RAM ɗinta.

Kuskuren da sababbi suka fi yi: su ga ƙaramin fanel na gwaji da ke da ƙwaƙwalwa iri ɗaya, misali VisionFive 2 mai JH7110, su ɗauko imej ɗinsa su saka wa laftof. Uwa ɗaya uba ɗaya ne, amma gida kowa da nasa. Taswirar ba ɗaya ba ce.

3. Haɗa wayar siriyal

A nan ne aikin yake, don haka zan daɗe.

Tun daga daƙiƙar farko na'urar tana magana, tana faɗin abin da take yi, amma ta wasu 'yan wayoyi biyu a jikin fanel, ba ta sikirin ba. Nemo wurin da aka rubuta UART ko DEBUG, ko TX da RX da GND: TX na aikawa ne, RX na karɓa, GND kuwa shi ne ƙasa. A wasu na'urorin ƙusoshi ne a shirye, a wasu kuwa 'yan ɗigon tagulla ne da sai ka lika waya da dalma ko ka danne da hannu. Littafin na'urar ko zanen fanel ɗin da ke shafin masu ita zai nuna maka wurin. Cire caja ka zare igiyar batir kafin ka sa ƙarfe a ciki.

Haɗin haka yake: GND da GND, TX na na'urar ya tafi RX na wayarka, RX nata ya tafi TX naka. A gicciye ke nan. Ƙusa ta huɗu, mai rubutun VCC ko 5V ko 3V3, kar ka haɗa ta ko kusa. Na'urar tana da wutarta, in ka tura mata wata ta nan kana iya ƙona ƙwaƙwalwar, kuma wannan ɓarna ba ta da magani a shagona ko a wani shago.

Kafin ka jona, auna. Mayar da batir, ɗora baƙin tsinken mita a GND, jan a TX, ka kunna. Za ka ga kusan bolt 3.3 yana ɗan rawa lokacin da take magana. In ka ga 1.8, dakata, wayarka ta fi ƙarfinta, sai ka samo mai iya sauka zuwa 1.8. In ba ka da tabbas, haɗa GND da TX nata kaɗai, ka bar RX nata. Za ka ji abin da take faɗa, ba za ka iya ba ta amsa ba, kuma sau da yawa jin ma ya wadatar.

A kwamfuta ta biyu ka buɗe taminal:

`sudo picocom -b 115200 -g tashi.txt /dev/ttyUSB0`

Saurin 115200 shi ne na kusan dukkansu. Harafin -g yana adana duk abin da ya fito cikin fayil, kuma za ka gode wa kanka daga baya, domin rubutun gudu yake yi. Mai Windows ya yi amfani da PuTTY, ya zaɓi siriyal, ya duba lambar COM. Sai ka buɗe wannan tukuna, sannan ka kunna laftof ɗin.

In ba ka da wayar: fanel ɗin ESP32 da ɗalibai ke wasa da shi yana da irin wannan ƙwayar a jikinsa. Haɗa EN da GND don ka kwantar da ESP ɗin, sai ya zama wayar siriyal mai bolt 3.3. A wannan dabara kaɗai ba a gicciyewa, TX da TX ne, RX da RX. Arduino Uno kuwa bolt 5 yake fitarwa, bar shi a aljihu. In duk babu, jona na'urar da talabijin ta HDMI, ko ka sa mata wayar intanet ka duba ko ta bayyana a jerin rawuta. In ta bayyana, ai ta tashi, sikirin ne kawai matsalar, tsallaka mataki na tara.

4. Karanta layin ƙarshe

Wata rana yarona ya leƙo ya ce, "Maigida, wannan kam ta mutu, a kira mai ita." Na ce ya jona waya mu ji ta bakinta. Sai ga ta tana zubo rubutu har zuwa inda take neman kalmar sirri. Lafiyarta lau.

Ga yadda nake fassara abin da na gani:

Shiru ɗungum. Fara zargin kanka: juya TX da RX, duba GND. In har yanzu shiru, ko shirin farko bai sami SPL ba, ko an saita ta ta nema a inda babu komai. Tafi mataki na biyar.

Haruffan shirme kamar rubutun aljanu. Saurin bai dace ba ko GND bai kama ba. Na'urar ba ta da laifi.

"U-Boot SPL" ya fito, sai tsit, ko ya yi ta maimaita kansa. RAM bai kunnu ba. Ko caja, ko fayil ɗin da ba na girman RAM ɗinta ba, ko rubutu ya lalace.

Tambarin OpenSBI ya fito, U-Boot ya biyo, sai ta tsaya a alamar `=>` ko wani suna mai ƙarewa da `#`. Wannan labari ne mai daɗi. Mataki na shida.

"Starting kernel ..." sannan shiru. Taswira ce ko saitin inda kanel zai yi magana. Mataki na bakwai.

"VFS: Unable to mount root fs", ko ta jefa ka wani wuri mai rubutun initramfs tana cewa wani UUID, wato lambar shaidar yanki, babu shi. Kanel ya tashi, gidan da zai sauka ne bai gane ba. Shi ma na bakwai.

"Illegal instruction". An ba ƙwaƙwalwar umarnin da ba ta iya ba. Mataki na takwas.

5. Shirya memori mai tsabta

Dalilin wannan mataki shi ne ka raba gardama: ƙarfen ne ko manhajar? In ta tashi daga memori mai imej ɗin asali, ƙarfe lafiya.

Fara gwada memorin kansa. Na taɓa sayen wani a kasuwa mai rubutun giga 64, na ɓata kwana biyu ina zargin na'urar wani bawan Allah, ashe cikinsa bai kai kwatan abin da aka rubuta ba. Imej yana hawa kamar gaske, amma ƙarshensa iska yake tafiya. A Linux akwai f3write da f3read, a Windows akwai H2testw. Suna cika memorin su sake karantawa, ƙarya ta fito.

Sannan gwada fayil ɗin da ka sauke da `sha256sum`, ka kwatanta da lambar da ke shafin da ka ɗauko shi. Da irin intanet ɗinmu mai yankewa, fayil yakan nuna ya gama alhali da saura.

Yanzu rubutawa. Buga `lsblk` kafin ka saka memorin, ka sake bugawa bayan ka saka, sabon sunan da ya bayyana shi ne naka. Duba girmansa sau biyu, domin dd, shirin da zai yi rubutun, ba ya tambaya, in ka ba shi sunan faifan kwamfutarka zai share shi ba tare da sallama ba.

`xzcat imej.img.xz | sudo dd of=/dev/sdX bs=4M status=progress conv=fsync`

Sa harafin naka a gurbin X, kuma ba a ƙara lamba a bayansa, memorin gaba ɗaya ake rubuta wa. Lura da xzcat ɗin, shi ke warware fayil .xz: fayil mai ƙarewa da .xz ko .gz ko .zst a dunƙule yake, in ka zuba shi haka ba tare da warwarewa ba, shirin farko ba zai gane komai ba. Mai tsoron dd ya yi amfani da balenaEtcher. Kwafe fayil ɗin cikin memori kamar waƙa ba ya aiki, domin SPL yana da takamaiman wurin da ake nemansa.

Saura ka sa na'urar ta duba memorin. Wasu da kansu suke fara leƙa shi. JH7110 tana da layuka biyu na zaɓi da ke ba da hanya huɗu: ƙaramar ma'ajiyar SPI, memori, eMMC wato ma'ajiyar da ke cikin na'urar, ko siriyal. A VisionFive 2 'yan makunnai ne guda biyu, a sauran na'urori sai ka duba yadda aka fito da su. Ɗauki hoton yadda suke kafin ka taɓa. TH1520 kuwa galibi daga eMMC na ciki ake tayar da ita, gyaranta ta kebul ne, yana mataki na goma.

6. In ta tsaya a U-Boot

In ba ta tsaya da kanta ba, danna kowane maɓalli lokacin da ka ga "Hit any key to stop autoboot". Abu na farko:

`printenv`

Wannan zai zubo dukkan saitinta, kuma yana shiga tashi.txt ɗinka. Duba fdtfile, sunan taswirar da take nema, da boot_targets, jerin wuraren da take dubawa bi da bi. Sai ka tambaye ta abin da take gani:

`mmc list`
`part list mmc 1`
`ls mmc 1:3 /`

Lambobin suna canzawa daga na'ura zuwa na'ura, gwada 0 da 1, gwada yanki na 1 har na 4, har ka ga inda vmlinuz ko Image yake. In tsarin yana kan faifan SSD irin NVMe ne, buga `nvme scan`, a wasu sai ka fara da `pci enum`. In ta ce ba ta san umarnin ba, U-Boot ɗinta bai iya NVMe ba. Ba sai ka yi filashin ba, wato sake rubuta manhajar cikinta: bar kanel da taswira a memori, sauran tsarin ya zauna a NVMe. Na bar na'urori da dama a haka suna aiki.

In wani ya riga ya yi wasa da saitin, `env default -a` sannan `boot` zai mayar da na asali na wannan tashin kaɗai. Kar ka buga `saveenv` sai ka ga ta tashi, kuma ka tabbata ka adana tsohon saitin, domin a wasu na'urorin lambar katin intanet a ciki take.

7. Gyara fayil ɗin tayarwa

Zare memorin ka sa a kwamfuta ta biyu. In tsarin yana eMMC na ciki, tayar da na'urar daga memori mai tsabta ka buɗe na cikin daga can. Nemo extlinux/extlinux.conf a yankin tayarwa. Za ka ga layukan linux na kanel, initrd na ɗan tsarin wucin gadi da kanel ke fara buɗewa, fdt ko fdtdir na taswira, da append na saitin da ake miƙa wa kanel.

Bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowane fayil da aka ambata, tabbatar yana nan da wannan sunan daidai. Sau da yawa bayan sabunta manhaja sai sabon kanel ya zo, taswirarsa ba ta biyo shi ba, ko yankin ya cika initrd ya rubutu rabi. In tsohon kanel yana nan, mayar da layin default kansa, shi ke nan.

A layin append, goge quiet da splash, su ne ke toshe mata baki. Ƙara wannan:

`console=ttyS0,115200 earlycon=sbi rootwait`

Da wannan galibi kanel zai fara magana tun da wuri, ka ga inda ya tuntuɓe. Shi kuma rootwait yana sa ya jira memori ya shirya.

Sai root. Buga `sudo blkid` ka kwatanta UUID ɗin yankin tsarin da wanda ke rubuce a nan da kuma cikin /etc/fstab. In an rubuta irin /dev/mmcblk1p4, maye shi da UUID, domin lambar mmcblk takan sauya in kanel ya sauya. Akwai tarko guda: in ka kwafe memori zuwa eMMC da dd, yanzu yankuna biyu ke amsa suna ɗaya, kanel ya kama duk wanda ya fara gani. Ka yi ta gyara a ɗaya, tana tashi daga ɗayan. Zare memorin, ko ka sauya wa ɗaya suna da `tune2fs -U random` ka gyara fayilolin biyu.

A Debian, wani shiri mai suna u-boot-update ne ke rubuta extlinux.conf, zai kuma goge gyaranka a sabuntawa ta gaba. Da ta tashi, mayar da gyaran cikin /etc/default/u-boot. Yawancin imej ɗin Ubuntu kuwa wani shirin tayarwa mai suna GRUB suke bi, wurin gyaransu /etc/default/grub.

In sai ka gudanar da umarni a cikin tsarin da ya ƙi tashi, misali sake gina initrd ko canza kalmar sirrin da aka manta, kwamfutar Intel tana iya kwaikwayon RISC-V. Ɗora qemu-user-static da binfmt-support, ɗaura yankin tsarin a /mnt da na tayarwa a /mnt/boot, ɗaura /dev da /proc da /sys a ciki da `mount --bind`, sannan `sudo chroot /mnt`. Daga nan `update-initramfs -u -k all` ko `passwd` za su yi aiki. Tafiyar hawainiya yake yi, ɗora shayi.

8. Manhajar da ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar

Ba duk RISC-V ne ɗaya ba. Akwai ginshiƙi da kowa ke da shi, akwai ƙare-ƙaren da wata ke da su wata babu. In na'urar tana tashi, `cat /proc/cpuinfo` zai nuna su a layin isa. Wanda ya fi jawo rigima shi ne harafin v, na lissafin jeri. JH7110 ba ta da shi sam. K1 tana da sigar 1.0, wadda aka amince da ita a 2021. TH1520 tana da tsohon daftari, 0.7.1, wanda bai jitu da 1.0 ba, don haka shirin da aka gina wa ɗaya yakan faɗi a kan ɗaya.

Wani ɗalibi ya kawo mini tasa bayan ya ɗora mata Ubuntu 25.10, a ganinsa sabo ya fi. Daga wannan siga Ubuntu ya koma buƙatar ma'aunin RVA23, wanda aka amince da shi a Oktoban 2024, kuma babu ko ɗaya cikin ukun nan da ta cika shi. Ba gyaran da zai sa ta ɗauka. Ubuntu 24.04 shi ne daidai da su, ko Debian 13 da ya fito a Agustan 2025, wanda shi ne sigar Debian ta farko da ta karɓi RISC-V a hukumance. Ni dai shawarata ga mai son sikirin da sauti da batir su yi aiki: zauna kan na masu na'urar, Bianbu ga K1, RevyOS ga TH1520. Kanel ɗinsu ya ɗan tsufa, amma ya san gidan.

9. Ta tashi, sikirin baƙi

Shiga ta siriyal ko SSH, wato shiga daga kwamfuta ta biyu ta hanyar rawuta. Dukkan ukun suna amfani da sashen zane na PowerVR daga Imagination, kuma direbobinsa a imej ɗin masu na'urar suke zuwa. Shi ya sa `apt upgrade` na gaba-gaɗi yakan maye kanel ko mesa, wato manhajar zane, da na gama-gari, sikirin ya ɗauke. Gwada Ctrl da Alt da F2. In rubutu ya fito, sikirin lafiya, tebur ɗin zane ne ya faɗi. `sudo systemctl set-default multi-user.target` zai ba ka na'ura mai aiki da rubutu kafin ka gyara. Duba `dmesg | grep -i drm`, duba /var/log/apt/history.log ka ga abin da aka canza, mayar da shi, ka ɗaure shi da `apt-mark hold`.

Ƙananan abubuwa biyu da ke kama mutanenmu. Kalmar sirri ta ƙi shiga: hannunka ya saba da kibod ɗin Faransa, AZERTY, na'urar kuwa QWERTY take ji, a da q sun yi musaya, lambobi ma haka. Rubuta kalmar a gurbin suna ka ga abin da ke fitowa. Na biyu, apt ya ce fayil "is not valid yet", shafuka su ƙi buɗewa: agogo ne ya koma baya bayan batir ya ƙare. `timedatectl` zai nuna maka, `sudo date -s` ya gyara.

10. Filashin

Na ajiye shi ƙarshe da gangan. Mu masu gyaran waya da kwamfuta hannunmu yana ƙaiƙayin filashin, amma a nan sai in SPL ko U-Boot ne suka lalace, ko ba wata hanyar shiga. Yana share komai, don haka kwashe fayilolin mai ita tukuna in da hali, ka kuma gaya masa da bakinka.

Ka tabbata batir ɗin laftof ɗin da na kwamfuta ta biyu duk sun cika. Kar ka yi da kwamfutar tebur da ke dogaro da wutar gari, ɗaukewa ɗaya a tsakiya ta mayar da kai farko.

A TH1520, danne maɓallin BOOT, jona kebul, sannan ka saki. `lsusb` zai nuna sabuwar na'ura mai sunan T-HEAD. In bai nuna ba, canza kebul kafin komai. Sannan:

`sudo fastboot flash ram u-boot-with-spl.bin`
`sudo fastboot reboot`

Jira 'yan daƙiƙu ta sake bayyana, sai:

`sudo fastboot flash uboot u-boot-with-spl.bin`
`sudo fastboot flash boot boot.ext4`
`sudo fastboot flash root root.ext4`

Sunayen fayilolinka za su fi waɗannan tsawo, kuma ukun su fito daga fitowa ɗaya, kar ka haɗa U-Boot na bana da boot na bara. Na ƙarshen yana daɗewa, kar ka taɓa kebul. K1 ma tana da maɓallin shiga yanayin saukewa, kuma SpacemiT yana da shirinsa mai suna Titan Flasher da ke yin aikin da dannawa. JH7110 kuwa, in ma'ajiyar SPI ta lalace, juya zaɓin tayarwa zuwa siriyal. Za ka ga harafin C yana ta fitowa, alamar tana jiran fayil ta hanyar XMODEM. Tura mata fayil ɗin ceto na StarFive, shi zai ba ka zaɓin rubuta SPL da U-Boot, duk ta wannan siririyar waya, a hankali ƙwarai. In ya yanke, sake daga farko, shirin da ke cikin ƙwaƙwalwar yana nan.

Da ta tashi, mayar da makunnan yadda suke a hoton da ka ɗauka. Kafin mai ita ya zo, ɗauko memori na biyu ka rubuta masa imej ɗin da ya yi aiki, ka gwada shi sau ɗaya. Rubuta sunan ƙwaƙwalwar da girman RAM da sigar imej a 'yar takarda, ka naɗe memorin a ciki, ka manna da salatif a ƙasan na'urar, nesa da ramin iska.